Rigar Roba daga Dilar Gwanjo

Gwanjo nake sayarwa a kasuwar Tawa, kuma ni ba na yar da komai. Shi ya sa ran da na kwance wata dila na tarar da baƙar rigar roba haɗe da wandonta, mai kauri da taushi kamar soso, na ajiye ta gefe. Wani direba mai zuwa Kwatano ya ce masu nutso a teku ke sa irinta.

Nan take yayana ya faɗo mini a rai. Masunci ne a wani tafki arewa da gari. Masuntanmu kuwa tuɓewa suke yi kafin su shiga ruwa, wai kada tufafi su jiƙe. A bara sanyi ya kama masa ƙirji, har likita ya ce in ya sake shiga ruwan ɗari tsirara, a nemi mai riƙe masa yara. Tun daga nan yake zaune gindin bango yana gyara tarun wasu. Abin yana ci mini rai.

Da na kai masa rigar, ya juya ta ya taɓe baki.

"Wagga aba ai ruwa na shiga cikinta, ƙanwata. Mi za ta yi mani?"

"Shi shiga mana, Yaya. Ɗan kaɗan na. Jikinka shi ɗumama shi, roba ta tsare ɗumin. Haka direban yac ce."

Likita ya ce a gwada, amma kada ya daɗe. Da ƙyar ni da matarsa muka cusa shi ciki. Da sassafe ya isa bakin tafki, masunta suka fashe da dariya, wai ga kwaɗo ya zo su. Ni kam na tsaya bakin ruwa ina kallonsa, don ni na tura shi.

Rana ba ta ɗaga ba masu dariyar suka fara fitowa, haƙora na kaɗawa, suna rige-rigen zuwa wutar kara. Yayana yana can yana jan taru abinsa.

Ya fito da tarwaɗa cike da taru, ya wuce wutar ko kallonta bai yi ba. Ya tsaya gabana, ya zuge rigar, ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjin da likita ya ji wa tsoro. Da ɗumi na ji shi, kamar na mai tashi daga barci.

"Kin jiya?" in ji shi. "Gobe ma ina shiga."