Burodi Uku na Gwaggo Herminia

Ƙarfe biyar saura na asuba Gwaggo Herminia Caycho takan turo kurarta ta gangaro layin coci zuwa tashar masunta ta Pucusana. Takan tsaya kusa da ɗakin ƙanƙara, ta tokare ƙafar kurar da dutse, ta kunna risho. Ba ta ɗora mai tukuna. Jar albasa take fara yankawa, sirara kamar zare, ta zuba a ruwan sanyi da ɗan gishiri. Sannan ta goge hannu, ta taka zuwa bakin ruwa ta jira jirgin farko da zai shigo da pejerrey, ɗan kifin nan namu mai ƙyalli wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da kanta take zaɓa. Tana duba idon kifi, ta danna cikinsa, in bai yi mata ba ta juya ta jira jirgi na biyu, ko da mai jirgin surukinta ne.

Haka ta yi shekara arba'in da ɗaya, har ranar bikin San Pedro, waliyyin masunta, da ya wuce, lokacin da ciwon gaɓɓai ya ci ƙarfin yatsunta ta kashe rishon. Ni Eleuterio Huapaya, Lute a bakin 'yan tasha, da 'yan ƙungiyarmu ta masunta suka ɗora wa wannan rubutu don kawai na fi su haƙurin zama, na yi shekara talatin da biyar ina karyawa a gabanta. Ba ta taɓa fitowa a jarida ba. Kurarta ko suna ba ta da shi. Amma ka tsayar da duk wani ɗan garin nan da ke aiki a Lima ka tambaye shi me ya fi kewa, zai yi maka zancen uwarsa da na teku, sannan ya ce burodi da kifin Gwaggo.

Abin ba shi da yawa in ka tsaya kallo. Babban yatsa take sa wa ta buɗe cikin kifin, ta zare ƙayar baya gaba ɗaya, ta shimfiɗa shi. Ta birkita shi a fulawa, ta tsoma a ƙwai, ta saki a mai. Huɗu take jerawa cikin burodi guda, wutsiyoyinsu a waje, ta ɗora albasa da ɗanyen barkono, ta matsa lemun tsami, ta miƙo maka a takarda. Mata biyar ke sayar da irinsa a tashar nan. Me ya sa nata ya fita daban? A kan wannan mun yi shekaru muna musu.

"Albasar ce," in ji Baba Nicanor, tsohon mai ɗinkin taru. "Ta sauran sai ka wuni kana gyatsarta. Wannan an cire mata fushi."

"Kai da haƙoranka uku, me ka sani?" in ji Zoila mai auna kifi. "Burodin ne. Ba ka ga tana ɗebe masa ɗan ciki ta jingina shi a gefen kasko ya ji wuta ba? Waje ƙaras, ciki laushi."

Ni kuwa nakan ce lemon ne. Rabin matsa take yi masa ta yar, don ta ce in ka matse shi ƙarƙaf ɗacin ɓawo ke biyowa.

"Ku ci ku ba ni wuri," ita kuma takan ce. "Ga mutane a bayanku, kun tsaya kuna wa'azi a kan albasa."

Da na tsufa na gane dukkanmu mun faɗi gaskiya, amma mun bar babban. Gwaggo ba ta soya kifi sai mai cinsa yana tsaye a gabanta. Ko layi ya kai ƙofar ɗakin ƙanƙara ba ta tara soyayye a faranti. Kuma ta san bakin kowa. Ta san Nicanor sai an yanke masa wutsiyoyin. Ta san yayana Wilmer yana da gyambon ciki, tun ranar da matarsa ta raɗa mata ba ta ƙara sa masa barkono ba.

"Gwaggo, ɗan kaɗan mana. Ba wanda zai gani."

"Ni zan gani. Karɓi ka wuce."

Shekarar da ruwan teku ya yi ɗumi, kifinmu ya gudu kudu, wata da watanni ba a ga pejerrey ko na rantsuwa ba. Wasu suka koma yanka wani kifi falle-falle suna lulluɓe shi da ƙwai, suna sayar wa baƙin Lahadi da sunan shi ne. Gwaggo ta rubuta a kwali ta rataye: babu pejerrey, akwai ƙwai da soyayyen dankali. Baƙi suka riƙa wuce ta. Mijinta Teófilo, masunci ne shi ma, ya ce mata ko dai ta ɗan sassauta, su baƙin nan ina suka san bambanci. Ta ce masa shi ma ai bai san bambancin rigarsa wankakkiya da mara wanki ba, amma ba ta fasa wanke masa ba. Mu 'yan gida muka ci ƙwai da dankali har ruwa ya huce.

Sai dai ba don wannan ƙungiya ta ce a yi rubutun nan ba.

Shekara goma sha tara ke nan, cikin Janairu, jirgi mai suna Rosa Elvira ya fita da mutum uku: Teófilo mijin Gwaggo, da yayana Wilmer, da wani magidanci Anselmo Camacho. Kwana uku suka ce za su yi. Aka kwana biyar ba su ba labarinsu. Mun san abin da ake nufi in inji ya mutu a can nesa: ruwa ya ɗauke ka ya yi arewa da kai, ba ka da ta cewa. Sojan ruwa suka fita nema, mu ma muka ware jirage shida da za su riƙa fita kullum da asuba su dawo da yamma.

Ranar farko ta neman, ba wanda ya zaci zai gan ta. Muna ɗaura jarkokin mai sai ga kura tana gangarowa. Wasu mata suka fara ƙus-ƙus, wai miji yana bakin mutuwa ita tana suya. Ta ji su sarai. Ta yanka albasarta, ta zaɓi kifinta, ta soya wa kowane mai fita nasa ba tare da ta karɓi kuɗin kowa ba, ko sol ɗaya. Da ta gama sai ta ƙara naɗe burodi uku-uku, ta bi jirage shidan tana miƙawa.

"Wannan fa, Gwaggo?" na tambaye ta.

"Nasu ne. In kun same su, yunwa za ku tarar suna ji. Ruwa za ku fara ba su, kaɗan-kaɗan. Wanda na ɗaure da zare na Wilmer ne, ba barkono."

A rayuwata wannan ne kawai karon da na ga ta soya wa wanda ba ya gabanta.

Da yamma muka dawo hannu rabbana, ƙunshin nan uku na kan akwatin inji ba wanda ya iya taɓawa. Na sauko da su ina jin kamar in nutse. Ta dube su, ta dube ni.

"Ku cinye, Lute. Gobe zan yi sabo."

Washegari ta yi sabo, jibi ma haka. A kwana na huɗu jirage biyu suka janye, don masu su ma suna da bakunan ciyarwa, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Mu da muka rage gwiwarmu ta fara sanyi. Ba zan ɓoye ba, duk da yayana yana cikin waɗanda suka ɓata, akwai asubar da na farka na ce a raina an gama, wahalar banza muke yi. Amma na san in ban sauka tasha ba za ta tsaya da ƙunshi uku a hannu tana neman wanda za ta ba. Kunyar wannan ce ta tashe ni. Daga baya na tambayi sauran, kowa ya ce shi ma haka.

A kwana na shida na neman, wajen sha ɗaya na safe, muka hango wani abu yana ƙyalli. Anselmo ne yake haska mana murfin tukunya. Shi da Wilmer suna kwance ƙarƙashin tamfol, leɓunansu sun tsage. Teófilo yana gaban jirgin, sun rufe shi da rigar ruwa. Ciwon sukari gare shi, maganinsa ya ƙare, ya rasu kwana biyu kafin mu iso.

Muka ba su ruwa yadda ta ce. Can Wilmer ya ji ƙanshin takardar, ya miƙo hannu. Na gutsura masa kaɗan. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa.

"Har a nan ma ba ta sa min barkono ba," in ji shi.

Na ɗauki oba-oba, rediyon jirgin, na kira tasha. Na ce mun same su, biyu na da rai. Kafin in faɗi sunaye maganar ta yanke, na yi ta kira ba ta ƙara shiga ba. Awa biyar muka yi muna jan Rosa Elvira zuwa gida, awa biyar mata uku suna zaune a tasha sun san ɗayarsu ta zama gwauruwa, ba su san wace ba.

Zoila ce ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Ta ce matar Anselmo ta faɗi tana birgima, matar Wilmer ta sandare kamar itace. Gwaggo ta kashe risho, ta jawo benci, ta zaunar da su ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta riƙe hannayensu. Ta ce musu, "Ko wace ce a cikinmu, sauran biyun ba za su bar ta ta kwana ita kaɗai ba. Kun ji?" Haka ta riƙe su har muka bayyana.

Ni na fara sauka. Tana ganina ta karanta a fuskata. Ta saki hannayen matan nan ta tura su gaba, ta ce su je ga mazansu. Sannan ta matso kusa da ni.

"Sun ci?"

"Sun ci, Gwaggo. Kaɗan-kaɗan, yadda kika ce."

"To, madalla," ta ce. Sai a lokacin ta sulale, muka tare ta.

Matan nan biyu sun cika alkawari, wata guda suna kwana gidanta bi da bi. Da watan ya cika ta turo kurarta ta dawo.

Gwaggo Herminia, ke ce kika ciyar da masu nema har suka kasa fasawa. Ke ce kika riƙe hannun mata biyu alhali naki ne ya tafi. Wilmer yana da jikoki huɗu yau, Anselmo ya aurar da 'ya'yansa mata duka uku yana tsaye da ƙafarsa. In an tambaye su wa ya cece su sukan nuna jirginmu, mu kuwa da muke cikin jirgin mun san wa za mu nuna. Uwar tasha, ba mu taɓa faɗa miki wannan a gabanki ba, don mun san za ki ce mu ci mu ba ki wuri.

Ranar San Pedro ɗin da ta kashe risho, bayan an dawo da gunkin waliyyin daga zagayen teku, muka zaunar da ita a kujera a tsakiyar tasha. Matar ɗanta, Maritza, wadda ta gaji kurar, ta soya mata guda ta kawo a faranti. Mutum ya fi ɗari an zuba ido. Ta gutsura, ta tauna, ta ce man bai gama zafi ba amma za a iya. Sai ta ajiye sauran.

"Cinye mana, Gwaggo," in ji Zoila. "Yau ke ce baƙuwa."

"Ku ƙyale ni. Ni fa kifi bai taɓa damuna ba."

Aka kalli juna.

"Shekara arba'in da ɗaya?" in ji Baba Nicanor.

"Ku ke so, ni ke soyawa. Ni a ba ni burodi da nunanniyar piya, a barbaɗa gishiri, da shayi mai zafi. Shi ke nan an gama da ni. Ba wanda ya taɓa tambayata ne."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, amma da na koma gida abin ya tsaya min a rai. Ta san wanda ba ya son wutsiya, ta san mai gyambon ciki, ta san wanda ke so a ƙara masa lemo, mu kuwa shekaru muna tsaye a gabanta ba wanda ya san abin da take so.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya sassauta miki ciwon hannun nan, ya ba ki barcin asuba da kika daɗe ba ki yi ba. Ku kuma matasan da ke tasowa a tashar nan, ko taru kuke ja, ko inji kuke gyarawa, ko suya kuke yi, ku yi aikinku yadda ta yi nata, kuna kallon fuskar wanda kuke yi wa. Kuma duk mai wata Gwaggo a unguwarsa, kada ya jira ranar da za ta ajiye aiki kafin ya tambaye ta me take so ta ci.

Ƙungiya ta tsara yadda za a riƙa kai mata burodi da piya, kowa da ranarsa. Tawa Lahadi ce. Na sayi piya biyu tun Alhamis na sa cikin takarda su nuna, don na san in na kai mata ɗanya, dannawa ɗaya za ta yi ta miƙo min abata.