Hannun Hagu a Aljihu

A layin masu gyaran rediyo na kasuwar Sabon Gari, Micah yana tsaye cikin zullumi. Gobe za a ɗaura aure a cocinsu na Dogarawa, ga shi tsohuwar amfilifayar mawaƙa, na'urar ƙara sauti, sai gurnani take yi. Da ƙyar aka nuna masa wani dattijo da ya san irinta.

Siriri ne mai furfura, tabaransa ɗaure da zare. Da hannun dama kaɗai yake aiki, na hagu yana cuse a aljihu. Micah ya ɗauka hannun ya shanye ne.

"Baba, in riƙe maka?"

"Riƙe kanka dai, ɗana," in ji dattijon yana dariya. "Wutar cikin nan ko an kashe ta tana nan kwance. Ka sa hannu biyu, ta bi ta ƙirjinka."

Ko wa ya koya masa? Wataƙila wani maigidansa da ya daɗe da rasuwa, wataƙila wutar ce da kanta.

Dattijon ya zare wata 'yar kwalba mai kama da ƙwan fitila daga cikin amfilifayar, ya goge ƙafafunta, ya mayar. "Wannan ce mai gadi. Wuta ta hau ko ta sauka, ita ke riƙe ta daidai."

Ya kunna. Kwalbar ta ɗauki haske ja-ja a hankali, lasifika ta yi tsit. Micah ya saki ajiyar zuciya.

Dattijon ya miƙa masa makirufo. "To, rera mu ji. In muka ji gurnani yanzu, daga bakinka ne."