Yaran da Muka Aro wa Likita

Har yau idan na ga an jera yara a tsakar gari ana latsa musu ciki, sai raina ya ɓaci, ko da na san alheri aka zo yi. Na yi shekaru ina aiki a gidan likita na Dogon Dutsi, tun ina shara har na zama ungozoma, can ma na koyi rubutun nan da nake yi, amma haushin bai sake ni ba. Asalinsa wata kaka ce a zamanin Nasara, 'yan shekaru kafin mulkin kai, ina matar aure a wani ɗan ƙauye tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri.

Surukina shi ne maigari. Mutum ne mai son yabo, irin wanda in baƙo ya ce rijiyar garinsa da daɗin ruwa, sai ka rantse shi ya haƙa ta da farcensa. Ni kuma 'yata ɗaya, ba a daɗe da yaye ta ba. Tun saukar damina masassara ke kayar da ita, ta miƙe, ta sake kayar da ita. Cikinta ya kumbura ta gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, in ka taɓa sai ka ji tauri kamar bayan ƙwarya. Saifa muke ce wa wannan. An yi mata tsaga, an yi turare, an ba iskoki abin da suka nema, an sha rubutu, yarinya sai ƙara lalacewa take. Ga shi 'yar fari ce, al'ada ta hana ni nuna damuwa. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban surukai, in ta yi kuka in kau da kai kamar ba ni na haife ta ba. Sai na shiga ɗaki nake rungume ta, ina jin zafin jikinta a ƙirjina.

Ana cikin haka wani gardi, ɗaya daga masu jar hular kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya iso a kan doki. Ya ce likitan Nasara zai zo ranar kasuwa, yana son a tara masa yaran gari duka ya gani. Daga nan kuma, bayan kwana biyu, zai wuce ƙauyen da ke gaba da mu. Abin da ya faɗa ke nan, ya sha fura ya tafi.

Dattawa suka taru a zaure. Ni ina bayan danga ina daka, ina jin kome. Ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba. A shekarar da aka yi sanƙarau, Nasara sun kwashe marasa lafiya sun kai su bukkoki bayan gari, aka hana kasuwa, aka ci mutuncin maigari a gaban mutanensa wai garinsa ƙazami ne. To amma shawarar da suka yanke, jama'a! Wai baƙo mai daraja ba a nuna masa abin kunya. Tunda yara yake son gani, a nuna masa yara na gani na faɗa. Duk mai kumburin ciki, mai majina, mai rama, a kai shi bukkokin gona cikin gero ya wuni can. Da aka zauna aka tace, sai aka ga masu ƙiba da suka rage ba su cika tabarma ɗaya ba. Nan surukina ya kawo dabarar da ya mutu yana alfahari da ita.

"Mu aro," in ji shi. "Ina amfanin zumunci? Ɗiyata na aure a ƙauyen can gaba. A aika su ba mu nasu masu kyau, in ya so ranar tasu mu ba su namu."

Aka aika kuwa. Da jajibirin ranar sai ga garken yara sun iso, yayar mijina na kora su, kowane kumatu kamar an hura. Har rugar Fulanin da ke kusa aka je aka roƙo 'yan ƙarin wasu. Muka wanke su, muka shafe su da man shanu har suna ƙyalli, aka koya wa kowane gidan da zai ce nasu ne. 'Yata kuwa wata tsohuwa ta goya ta, aka bi da su cikin gero tun da asuba, tana miƙo mini hannu ina kallon turmi.

Ni aka bari a gida don in yi wa baƙi girki, shi ya sa na ga kome da idona. Kamyo, babbar motar da ta kawo su, ya tsaya gindin gawo. Likitan wani dogo ne da rana ta ƙone wa wuya, tare da tafinta da wani malamin likita baƙar fata. Aka jera yara. Sai ya riƙa kiran su ɗai-ɗai, ya kwantar da yaro, ya sa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya latsa, ya gyaɗa kai, ya kira na gaba. Bai duba haƙora ba, bai duba ido ba, gurin nan ɗaya kawai yake latsawa. Ai gurin nan ne nake shafa wa 'yata mai kullum. Mutumin nan ba yara masu kyau ya zo gani ba, saifa ya zo nema, mu kuwa mun kwashe ta kaf mun kai gona.

Na samu mijina a bayan rumbu na ce masa, "Maigida, abin da ke cikin yarinyar nan shi likitan ke nema. Ka sa a ɗauko ta."

Ya zaro ido. "Ke, rufa mana asiri. So kike ki kunyata Baba gaban Nasara? Kuma ke da bakinki kike maganar ɗiyar fari?"

Na cika na yi fam. Da na kai wa tafinta ruwan wanke hannu, na durƙusa na ce a hankali, "Malam, akwai wasu yaran a gona, su ne marasa lafiyar." Yana tsotsar ƙashin zakaran da na soya, ko kallona bai yi ba. Ya ce likita ya riga ya sami adadin da yake so, ƙari ba shi da amfani, kuma rana na yi. Surukata da ta hango ni ta zo ta ja ni da gefen zane, ta mintsine ni a cinya har sai da gurin ya yi baƙi.

Shi ma likitan ban yafe masa ba. Mutum ya yi karatu har ya ƙetare teku, ya zo ƙauyen da in ka tsaya a wannan bakin kana jin tarin na wancan bakin, ya ga yara sun cika fili, duk sumul, a ƙarshen damina, lokacin da ko jaki sauro ya ramar da shi, bai ce a ransa anya ba? Ko ya ɗaga kai ya dubi iyayen ya ga ko sun yi kama? Ga 'yan Fulani da tsagensu daban tsaye a gaban Ba'are ɗan garinmu yana cewa nasa ne. Shi dai yana ta murmushi yana latsa ciki.

Abin da ya biyo baya, in ba don ni ya shafa ba, da dariya zan yi. Aiki ya ƙare masa da wuri tunda bai sami kome ba, sai ya ce to me za a jira har kwana biyu, a wuce ƙauye na gaba yau. Kamyo ya tashi. Yaran aro kuwa na nan tsakar gidanmu suna suɗe tukunya. Mutanen can ba su ankara ba sai jin ƙugin mota suka yi. Ba lokacin ɓoye kowa, masu ƙibarsu duk suna wajenmu, abin da ya rage musu sai masu kumburin ciki. An ce likitan yana latsawa yana kama kai, duk wanda ya taɓa sai ya ji dutse.

Bayan girbi gardin ya dawo da saƙo. Kumandan na gaida maigari, ya ce garinsa ya fi kowane lafiya a yankin, ga turmin yadi tukuici. Ƙauyen gaba kuwa, da yake ciwo ya yi musu katutu, za a ajiye musu malamin likita, kowane mako yana ba yaransu kinin, maganin masassara. Mu ba mu da bukata. Za a dai riƙa zuwa shekara-shekara a latsa cikin namu yaran, don a gwada da na can a ga ko magani na aiki. Wato mu aka mayar abin awo, kamar sandar da ake gwada zurfin rijiya da ita. Daga baya da na yi aiki da masu wannan sana'a na gane haka ake yi, a ba wasu a bar wasu, a kwatanta. To ko da hankalin daka da tankaɗe, ina kwatanci tsakanin garin da aka tace masu lafiyarsa da garin da aka cika da na aro?

Surukina ya sa aka ɗinka masa riga da yadin nan, ya riƙa zama da ita a ƙofar gida yana ba masu wucewa labari. A cikin gida kuma jikarsa ta daina cin tuwo.

Ranar da na ga idonta ya yi fari fat, ban nemi izinin kowa ba. Na goya ta na kama hanyar ƙauyen gaba, tafiyar rabin wuni cikin rairayi. Na tarar da malamin likitan a rumfa, yara sun yi layi, yana sa wa kowane ƙwaya a baki, ya ba shi ruwa, ya ce ya buɗe baki ya gani. Mutumin kudu ne, Hausarsa a karye. Ya latsa cikin 'yata, ya dube ni, ya tambayi garinmu. Da na faɗa sai ya girgiza kai.

"Garinku babu ciwo," ya ce.

Na ce, "Malam, ga shi hannunka na kan ciwon."

Ya ce ya ji, amma an hana shi. Maganin na yaran da ke kwana a garin nan ne kawai. In ya ba na waje, musamman na garinmu da ake gwaji da shi, lissafin likita ya ɓaci, shi kuma aikinsa ya tafi. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Ya bari na gama, sannan ya rage murya ya ce, "Madam, ni ban ce a nan aka haife ta ba. Na ce ta kwana nan. Ba ki da kowa a garin?"

Ina da yayar mijina. Ta karɓe ta hannu biyu-biyu, ban ce ba ta kyauta ba. Ita maza ta haifa reras, ta daɗe tana son mace. Ta ce, "Bar ta nan, ƙanwata, in ta warke kya zo ki ɗauka." Na kwance goyon na miƙa mata. Yarinya ta riƙe mini wuyan riga, sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Ta warke, wannan kam gaskiya ne, kuma na gode wa Allah. Kafin wata damina cikin ya saɓe, ta yi kumari. Na ce to a dawo da ita. Aka ce a'a, likita zai zo ya sake latsa waɗanda suka sha magani, in an rasa ɗaya maigarin can zai amsa tambaya. Likitan ya zo ya latsa, ya ji daɗi, ya ce a ƙara shekara. A garinmu kuwa ranar zuwansa aka sake kwashe marasa lafiya aka kai gona, don kada a ce maigari ya yi ƙarya bara. A wannan daminar gidaje da yawa sun binne yara a garin da ya fi kowane lafiya. Ni ko zuwa ganin tawa ba na samun yi yadda nake so. In na ce zan je, surukata ta ce, "Wace irin marar kunya ce ke, kullum kina hanya saboda ɗiyar fari? Tana hannun gwaggonta, cinye ta za ta yi?"

Rannan dai aka ji gwaji ya ƙare, malamin likita ya naɗe tabarmarsa ya koma Dogon Dutsi. Ba wanda ya zo ya faɗa mana abin da aka gano. Washegari na ari jaki, na shimfiɗa masa sabon zane don ta zauna a kai, na tafi.

Na yi sallama. Yayar mijina na tsakar gida tana sussuka, wata 'yar yarinya doguwa da kitso mai kyau na kore mata kaji. Sai da na dubi goshinta na gane ta. Yaya ta yi mini maraba sosai, ta shimfiɗa tabarma, ta tambayi Baba da Inna da mutanen gida. Na ce mata abin da ya kawo ni. Ta kaɗe ƙaiƙayi daga zanenta.

"Ni ban hana ki ba," ta ce. "Ga ta nan. In ta bi ki, ku tafi."

Na miƙa hannu. Sunanta na bakina, ban taɓa kiransa a fili ba, ranar ma ya ƙi fita. Na ce, "Ke, zo mana." Yarinya ta dube ni, ta dubi jakin, ta zagaya bayan Yaya ta cusa fuska cikin zanenta.

"Inna, wace ce?"

Yaya ta shafa kanta ta ce, "Matar kawunki ce. Je ki kawo mata ruwa, ta sha rana."

Ta tafi da gudu ta ɗebo a ƙwarya, ta zo ta durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mata, ta miƙo da hannu biyu, ta ce mini ina gajiya. Lafiyayya, ba abin da ke damunta. Na karɓa na sha, na ce ba gajiya. Da rana ta yi sanyi na kwance jakin na ja shi muka koma gida.