Takarar Yaya Rabi da Littafin Sunaye

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai yayata Rabi makwancinta a Illela. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami don in rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, saboda abin da ya fi tsaya mini a rai game da ita ba irin wanda ake faɗa a zaman makoki ba ne. Bana dai zan faɗa.

Yaya Rabi malamar lakwal ce, wato makarantar boko. A shekarun da intanet ta fara shigowa yankinmu, wasu 'yan uwanmu da ke ci-rani a Abijan da Legas da Turai suka buɗe wani dandali da kowa ke kira Zaure. Ba a biyan kowa ko dala. Masu sa-kai ne ke riƙe da shi, ƙarƙashin kwamitin mutum bakwai da ake zaɓa ta imel. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, da inda ruwa ya sauka da inda shuka ta ƙone. Kowa da laƙabi yake rubutu. Nata laƙabin Kurciya.

Duk Asabar takan shiga motar Konni, ta wuni a sibar, shagon da ake biya a hau intanet, tana jiran layi ya kama. Ba don kanta kaɗai take zuwa ba. Mutanen Tajaye da Dogarawa da ba su yi karatun boko ba, har da Fulani masu kawo nono, sukan faɗa mata saƙonsu. Sai ta rubuta sunan mutum na gaskiya a wani littafi mai baƙin bango, ta raɗa masa laƙabi, ta aika. In amsa ta zo, littafin ke nuna mata wanda za ta kai wa.

Abin ya fara lalacewa ne daga maganar burtali. Wani makiyayi daga wajen Bazaga ya sa ta rubuta cewa an nome hanyar shanu an kafa shinge, kuma wanda ya yi haka mutum ne mai dogon hannu. Bai ambaci suna ba, amma wasu suka yi ta ƙarawa har kowa ya gane. Ba a jima ba wasu a Zaure suka kawo shawarar a daina laƙabi, a miƙa wa kwamiti sunan kowa da garinsu, wai don a tsabtace dandali. Zaɓen kwamiti kuwa ya ƙarato. Sai Yaya Rabi ta sa sunanta cikin 'yan takara.

Na ce mata, "Yaya, ke da ko shugabancin biki ba ki so, mi ya kai ki?"

Ta ce, "Sani, mutanen ga sun ba ni sunansu ne don na ce musu ba mai ji. In ban zauna inda ake yanke magana ba, bisa kansu za a yanke ta."

Alkawari ɗaya ta yi wa masu zaɓe: muddin tana cikin kwamiti, sunan kowa ba zai fita ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin mako guda baƙi suka cika Zaure, sababbin mambobi da ba su taɓa rubuta ko sallama ba, amma kowannensu yana da ƙuri'a. Wata Asabar motarsu ta tsaya a tashar Malbaza, wani mutum da ba ta taɓa gani ba ya leƙo ta taga ya ce, "Kurciya, a sauka lahiya." Ranar Litinin ta tarar da ambulan bisa teburinta a lakwal, ba suna ba adireshi, cike da saƙonninta na Zaure an buga su a takarda. Na ce mu je wurin jandarma. Ta tambaye ni ƙarar me za mu kai, tun da ba wanda ya zage ta. Muka bar maganar a nan.

Ta faɗi zaɓen. Wasiƙar farko da sabon kwamiti ya aiko mata ita ce ta miƙa littafin. Ta ƙi, suka cire ta daga Zaure. Waɗanda ke rubutu da kansu kuwa, sunayensu suka shiga hannu. Wani ma'aikaci ya wayi gari an tura shi can gabas mai nisa. Wani ya rasa rumfarsa a kasuwa. Ba wanda zai rantse cewa daga nan ne, amma kowa ya tuna baki shi ke yanka wuya, Zaure ya koma wurin barka da sallah kawai.

Shekarar da ta biyo ta kwanta. Ban ce wani ya yi mata wani abu ba. Likita ya ce hanta ce, kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Kafin ta daina magana ta nuna mini ƙasan akwatinta.

Ranar sadakar uku, da hantsi, wani mutum mai farar shadda ya zauna kusa da ni bisa tabarma. Ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya rage murya.

"Malam Sani, marigayiya ta bar wani littahi na Zaure. Kayan jama'a ne, ya kamata a maido."

Na ce ban gan shi ba.

Ya yi murmushi ya ce, "In ka gani, ai mun san gida."

Yana fita na shiga ɗakinta, na ɗauko littafin daga ƙasan akwatin na ɓoye cikin rigata, na je bayan gida inda mata ke dafa abincin sadaka. Na cusa shi ƙarƙashin tukunya ban buɗe ko shafi ɗaya ba, na tsaya har ya zama toka. Ina goge ido saboda hayaƙi, matan suka ɗauka kukan rashi ne.

Yau ba mai zuwa sibar. Waya na aljihun kowa, kowane ƙauye da rukuninsa na hira a waya, lambar mutum da hotonsa a fili. Tsoho yakan yi magana cikin fushi a Tajaye, kafin la'asar muryarsa ta isa kunnen wanda ya ambata. Nakan tambayi kaina abin da Yaya Rabi za ta ce. Ina jin ba sauƙin abin zai burge ta ba. Tambaya za ta yi, wa ke riƙe da sunayen, kuma wa ya zaɓe shi. Ban ga mai yin wannan tambayar yanzu ba, abin da ke tsorata ni ke nan.

Zaure ya mutu tuni. Shingen burtalin yana nan, har an ƙara masa faɗi. Mai farar shaddar ma yana nan da ransa. In mun haɗu a Konni yakan riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

In aka auna da kujera, yayata ba ta bar komai ba. Amma a kasuwannin yankin nan akwai tsofaffi, maza da mata, da suka taɓa faɗin gaskiya ta bakinta, kuma har yau suna kwana a gidajensu ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ni ban san su ba, mai shaddar bai san su ba. Ita kaɗai ta san su, ta kuma tafi da su kabari. Allah Ya rufa mata asiri a can, yadda ta rufa na bayinSa a nan.