Bayolin a Kan Cinya

Shekara talatin ina Landan ina gaya wa mutane mahaifina manomi ne. Makaɗin goge ne, kuma da gogen ya kai ni makaranta har na zama likita.

Da na yi ritaya sai na shiga ajin ƙera bayolin, gogen Turawa, kowace Asabar a Marylebone. Malamarmu, wata Baturiya mai furfura, ta ce a Italiya aka ba shi wannan siffa, amma danginsa na baya irin su rababar Larabawa ne, har da wani mai tsirkiya ɗaya da ake yi a ƙasarmu. Na gyara tabarau na ce ban taɓa ganinsa ba. Ni da na tashi ina shafa wa izgar gogen babana ƙaro!

Fiye da shekara ina kankare katako a wani ɗan ɗaki da ke can bayan gidanmu a Barking. Labari ya kai masallacin Regent's Park. Mutanen da in suka ji goge sai sun yi a'uzubillahi suka dinga cewa, "Likita, wannan ai classy ne." Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan ƙasarmu, wani dattijo ɗan garinmu da ba ya ba maroƙi hannu, har ya yi mini alkawarin kujerar mataimaki. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba.

Ranar Sallah suka cika mini falo. "A ɗan yi mana playing," in ji shugaba.

Ƙira na koya, ba kiɗa ba. Na maƙale bayolin ɗin a haɓa na ja, ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Suka gyaɗa kai suna masha Allah. Da wuyana ya gaji na sauke shi a cinya kamar goge, ban ma sani ba. Yatsuna suka kama hanyarsu.

Sai ga ƙafar shugaba tana buga dardumata.

"Wannan taken an kaɗa mini shi ranar aurena," ya ce. "Mutum ɗaya ke jan sa haka."

"Ubana ne, ranka ya daɗe."

Kunya ta rufe ni, amma ta shekara talatin ɗin nan da na yi ina ɓoye shi ce.

Wani aka ba kujerar. Bayan mako guda shugaba ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, wai in zo in sake ja masa, amma in sako abin a jakar asibiti. Na ce in yana so ya zo Barking, kuma ƙofa a buɗe nake kaɗawa.