Gashin da na ciro daga tuwo

Jiya bayan sallar Azahar na kishingiɗa a kan bencin shagona, sai na yi wani mummunan mafarki. Ni tela ne. 'Yata Safiyya shekararta bakwai, tana da lalurar ƙwaƙwalwa da ake kira galahanga, ba ta magana, ƙaramin abu kan sa ta yi ta ihu. Uwarta Hadiza ce ke fama da ita wuni guda. Ni kuwa, gaskiya, nakan ce aiki ya yi mini yawa ko da babu ko wuyan riga a kan keke, don kada in koma gida da wuri.

A mafarkin, wai muna zaune a majalisarmu ta bakin shago, an ajiye mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Na kai loma, sai na ji abu ya maƙale mini a haƙori. Na ja, ashe gashi ne. Na ci gaba da ja, yana fitowa daga maƙogwarona da yauƙin miya a jikinsa, ya ƙi ƙarewa. Abokaina ko ɗago kai ba su yi ba, suna ta musun ƙwallo. Abin da ya fi ba ni ƙyama, ban daina ci ba. Hannun dama na kai loma, na hagu na naɗe gashin a yatsa yadda nake naɗe zare.

Sai kawai na gan ni a kan keke, na zura gashin a allura, ina ɗinka wa kaina babbar riga. Duk taku ɗaya sai in ji nishi daga nesa, irin na wadda ake tsefe wa kai da ƙarfi tana daurewa. Na ji, amma na gama ɗinkina na saka.

Sai kawai shagon ya zama layinmu. Takalma a jere tun daga bakin titi har ƙofar gidana, yadda Safiyya take jera su kullum, duk suna fuskantar ciki. Nawa ne kaɗai ke kallon waje. Na bi sauran gashin da ke reto a gefen rigar har tsakar gida. Hadiza na zaune a kan kifaffen turmi, babu ɗankwali, kanta duk ya zube sai tsilli-tsilli. Safiyya na kan cinyarta, ta toshe kunnuwa. Ƙarshen gashin a kan Hadiza yake. Na tambaye ta me ya same ta. Ta dubi rigar kawai ta ce, "Baban Safiyya, ta yi maka kyau."

A nan na farka ina kakarin amai.

Bari in faɗi laifina. Makon jiya na ga gashi ɗaya a miya, na ture kwanon na kira Hadiza ƙazama a gaban yarinyar. Ta ɗauke kwanon. Kuma ta daɗe tana roƙona in riƙe Safiyya wata Asabar, awa biyu kawai, ta je asibiti a duba ciwon kai da jirin da ke damunta, ta biya wajen ƙanwarta a yi mata kitso. Kullum amsata sai wani makon.

Da na koma gida na yi ta satar kallon kanta. Ta ɗaure ɗankwali har gira. Na rasa ranar da na ga kanta a buɗe, kuma na kasa ce mata ta cire.

Gobe Asabar, na riga na ce mata ba zan buɗe shago ba. Ta ce to, ko kallona ba ta yi ba. Don Allah, masu sanin fassarar mafarki, gargaɗi aka yi mini tun da sauran lokaci, ko abin da na riga na gama ɗinkawa aka nuna mini?