Idanun Baturen Shagon Baba Mordecai

Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2007, ina cikin koyar da ɗalibai a Samaru aka kira ni waje, aka ce Allah ya yi wa Baba Mordecai rasuwa, mai zanen allunan shaguna a Sabon Gari, aminin mahaifina.

Baba, kai ka fara sa mini buroshi a hannu. Da mahaifina ya ce zane ba karatun mace ba ne, ka tako har gidanmu a Dogarawa, ka ƙi ko shan ruwa sai da ya amince. Allon cocinmu kuwa sau uku kana sabunta shi, ba ka taɓa yarda a ambaci sunanka ba.

Duk wanda ya shiga shagonka ya san hoton baturen nan mai baƙar hula da farar kwala. Wani mai zane na ƙasar Holan ne ya yi na asalin da fentin mai, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Kai a wani tsohon littafi ka gan shi, marar launi, ka yi shekaru kana kwaikwayonsa. Komai ka gama, ban da idanu. Ka bar su fari fat, ka ce ba ka zana abin da ba ka sani ba.

A 2004 aka tura ni taro a birnin da hoton na asali yake. Ka riƙe hannuna ka ce, "Ƙauna, ba na son tsaraba. Ki je gidan tarihin, ki dubo mini launin idonsa."

Kwana biyar na yi. Sau biyu na je ƙofar, na ga dogon layi, na ce sai gobe. Ranar ƙarshe kantuna na shiga neman takalma.

Da na dawo ka tambaye ni, na ce, "Ruwan ƙasa ne, Baba, mai duhu." A gabana ka dama fentin cikin murna. Daga ranar kowa ya shigo sai ka ce, "'Yata ta gan shi ido da ido."

Ban gan shi ba, Baba. Kunya ce ta sa na rage zuwa wurinka, kai kuma kana cewa aiki ne ya yi mini yawa. Ko da ɗanka Sati ya ce kana kwance kana nemana, cewa na yi sai an gama jarrabawa.

A zaman makoki na durƙusa na gaya wa matarka, Mama Lucia, komai. Sai ta ce, "Ke ya ce a ba wa hoton. Duk ranar da za ki iya, ki zo ki ɗauka." Har yau ban iya ba.

Ka gafarta mini, Baba. Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutawa a wurinsa. Mama Lucia, Sati da ɗan'uwansa Albert, da dukan iyali, Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da ku.